Jimla Ɗaya da Gonar Surukina

Shafi arba'in na rubuta da hannuna, Malama ta karanta guda ɗaya ta miƙo mini sauran. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nata ran nan ba. Takarda a lokacin ba abin wasa ba ce. Tsadar rayuwa ta kai inda mai shago yake yage littafi ya sayar da shi falle-falle, ni kuwa na tara fallayen nan na cika su gaba da baya, na ɗaure a bayan keke tun daga ƙauyenmu na ƙasar Durun har Gwarzo, cikin laka, ina kare su da ledar taki kada yayyafi ya taɓa su.

Malamin firamare ne ni a lokacin, da ƙaramar takardar koyarwa. Sai magana ta zo daga sama cewa duk wanda bai ƙaro ilimi ba za a sallame shi. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ba ni da wata sana'a sai alli da 'yar gonar gyaɗa, don haka na shiga karatun ranar Asabar da ake yi wa irinmu a Gwarzo. Na ci duk jarrabawar da aka yi mana. Abu ɗaya ya rage, dogon rubutu na bincike a kan wata matsala ta makarantar da mutum yake koyarwa. Ba rubutun nan, ba takarda; ba takarda, ba aiki. Ni na zaɓi tambayar da take damuna tun tuni: me ya sa da zarar ruwa ya sauka ajinmu yake watsewa, ba za ka sake ganin rabin yaran ba sai an yi girbi?

Wadda aka ba ni ta duba aikin wata Malama ce Kirista daga kudancin Kaduna, gajera, mai tabarau, ta shekara da shekaru tana koyarwa a Gwarzo har Hausarta ta fi tawa daɗin ji. Shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Mu muna murna, su kuwa hankalinsu a tashe yake, da yawa daga cikin mutanensu sun ɗaure kaya sun koma gida. Ita ma mijinta ya riga ya wuce da yara. Ta ce mana ba za ta bar mu a tsakiyar hanya ba, za ta tsaya har ƙarshen zango ta ga aikin kowa, daga nan kuma sai yadda Allah ya yi. Mako shida ke nan ya rage mana da ita.

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Malam, na karanta shafin farko kaf. Ka yi godiya ga Allah, ka yi salati, ka gaida hukuma, ka gaida hedimasta, ka gaida ni. Na amsa, lafiya lau. To me ya kawo ka?"

Na ce, "Ai yana gaba, Malama."

"Gaba ina?"

"Idan kin yi haƙuri kin ci gaba da karantawa za ki tarar da shi."

Ta ce ba haka ake yi ba. A irin wannan rubutu, kafin mai karatu ya juya shafin farko dole ya ci karo da jimla ɗaya wadda ta faɗi matsayar marubuci ƙarara, ga abin da na ce, ga dalilina, sauran shafukan duka hujjarta ce. Jimlar matsaya take kiranta. Ta ce in koma in zo da ita, ita kaɗai, ko a bayan kwalin ashana ne.

A hanyar komawa har magana nake ni kaɗai a kan keke. Wace irin tarbiyya ce mutum ya faɗo gidan mutane ya fara da buƙatarsa? Mu da aka koya wa cewa ko aron gatari ka je sai ka tambayi gida da gajiya da ruwa da dabbobi, ka yi shiru, a ce da kai "lafiya dai ko?", ka ce lafiya lau, sannan ka miƙe kamar za ka tafi, sai a bakin ƙofa ka juyo ka ce af, na manta. Da Turanci ake rubutun, amma Turancina Hausa ce ta sa riga, duk ladabin da na tashi da shi na kwashe na zuba a ciki. Ina ganin gwaninta na yi.

Asabar ta gaba na kai mata jimla. Ma'anarta ita ce, wannan rubutu zai duba matsalar rashin zuwan yara makaranta da damina. Ta ja jan biro a ƙasa ta ce, "Zai duba. To ya duba, me ya gani?" Na koma. Wata Asabar ɗin na zo da wadda na kwana uku ina gogewa, har na karanta wa abokan karatuna suka ce ta yi: dalilan da ke hana yara zuwa makaranta suna da yawa, akwai na iyaye, akwai na gwamnati, akwai na yanayi, kuma Allah ne mafi sani. Ta karanta ta yi dariya har da dafa tebur.

"Allah ne mafi sani, wannan ba wanda ya musa. Amma ba Shi za a ba takardar ba, Malam, kai za a ba. Kai me ka sani?"

Raina ya ɓaci, na ce mata a wurinmu haka masu ilimi suke rufe magana, kuma ba ƙaramin mutum ne yake yin haka ba. Ta daina dariya, ta ce ta sani, ba raini take yi ba. Amma malaman da nake magana a kansu sai sun faɗi hukuncin tukuna sannan su rufe da hakan, ni kuwa na ɗauko murfin na bar tukunyar a gida. Sai ta ce, "Gidana yana bayan kotun alƙali, ta taga nake jin komai. Ku da kuka yi ta murnar Shari'a, ka taɓa zama ka ga yadda ake yin ta? Ka je ranar Litinin da safe, ka zauna a baya, ka yi shiru."

Na je, don in samu abin da zan ƙure ta da shi. Shari'ar farko ta wani dattijo ce daga wajen Kara da maƙwabcinsa, a kan iyakar gona. Dattijon ya durƙusa ya gaida alƙali, ya gaida muhuti mai taimaka wa alƙali, ya ɗauko zance tun daga kakansa da ya sari dajin, da shekarar fari, da auren da ya haɗa gidajen biyu. Na zauna ina gyaɗa kai, don ni a kunnena magana ce take tafiya yadda ya kamata. Alƙali ya bar shi ya yi nisa, sannan ya ɗaga hannu.

"Baba, duk na ji, Allah ya ji ƙan magabata. Amma har yanzu ba ka yi da'awa ba. Me kake cewa mutumin nan ya yi maka? Faɗi abin da zai iya cewa e, ko ya ce a'a. In ba shi da abin musawa, ni ba ni da abin yankewa."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ka ga mutumin da yake jin nauyin maƙwabcinsa na shekara hamsin. Can ya ce, "Ya ture dutsen iyaka, ya ci mini taku bakwai." Maƙwabcin ya zabura ya ce ƙarya ne. Alƙali ya gyara zama ya ce yanzu aka fara, a kira shaidu.

Ban tsaya jin ƙarshenta ba. Na fito na tsaya jikin kekena, kunya ta ishe ni. Duk jimlolin da na kai wa Malama ba wadda wani mahaluƙi zai iya cewa ƙarya ce. Na gina su ne da gangan yadda ba za su taɓa kowa ba. Kuma ba rashin sani ya sa ni hakan ba. Na san amsar tambayata tun kafin in sayi falle na farko.

Ga yadda abin yake. A jadawalin makarantarmu akwai darasin aikin gona, amma makarantar ba ta da gona. Albashi ba ya kai mutum tsakiyar wata, kowane malami da noma yake riƙe gidansa. To da damina, Talata da Alhamis, ana buga ƙarfen da ke rataye a darbejiya, manyan yara su jeru da fartanyoyinsu, a wuce gonar dawar hedimasta. Laraba ta sauran malamai ce, bi da bi. Gyaɗata ma hannun 'yan aji biyar ta sani. Ba wanda yake ganin laifi ne. Haka muka tarar, mu ma haka aka yi da mu. Lokacin da nake zagayen tambayar iyaye don binciken nan, na sami wani magidanci a gonarsa da 'ya'yansa uku, duk ɗalibaina. Na yi masa doguwar nasiha a kan amfanin ilimi. Ya jingina da ƙotar fartanya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ban ƙi boko ba. Amma in dai noma ne, ai ni ma ina da gona." Bayansa na ji irin wannan a gida bayan gida, kowa da yadda yake lulluɓe ta.

Na rubuta maganar mutumin, amma na kai ta can shafi na talatin da wani abu na tura, kamar yadda ake ɓoye tsoka a ƙarƙashin tuwo. Dalili kuwa ɗaya ne. Hedimastan nan surukina ne, uban matata. Shi ya koya mini baƙi tun ina aji ɗaya, shi ya kai ni kwalejin malamai a bayan babur ɗinsa, shi ya nema mini aikin, sannan ya ba ni 'yarsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi daga nesa nake tuɓe takalmi. Kuma ƙa'idar karatun ita ce ba a karɓar rubutun sai shugaban makarantar da aka yi binciken a cikinta ya sa hannu da hatimi a shafin farko, wato shafin da jimlar za ta zauna a kansa.

Asabar ta zo na faɗa wa Malama komai. Ta nemo shafin da na ɓoye maganar, ta karanta sau biyu. Na yi zaton za ta matsa mini, sai ta ce, "Ba zan ce ka yi ba. Ni baƙuwa ce, nan da mako uku na tafi, kai za ka zauna da mutanenka. In ka so ka canja batu, ka rubuta a kan ƙarancin kujeru, zan duba maka da gaggawa, wataƙila ka tsallake da ƙyar. Amma wannan rubutun da ke hannuna, jimlarsa ɗaya ce, kuma ka san ta."

Maganar kujerun nan ita ta tunzura ni. Ni za a ba batun kujeru? Na yi wata uku ina bin gonaki, ƙaya ta fasa mini taya ba sau ɗaya ba, mutane sun buɗe baki sun faɗa mini gaskiya a kan idona, sannan in je in ƙirga ƙafafun benci? Na ce mata a'a. Na ce ta ba ni mako biyu.

Na zauna da jimlar nan bayan la'asar a zaure, kwana huɗu a jere. Jimla ɗaya, amma ta fi shafi arba'in ɗin can ba ni wuya. Da farko na rubuta cewa wasu al'adu na makaranta suna iya taimakawa wajen rashin zuwan yara. Na karanta da murya, na tambayi kaina ko akwai wanda zai zabura ya ce ƙarya ne. Babu. Na soke. Na rubuta wata mai zafi wadda ta ɗora komai a kan hedimasta, na ga ita kuma zalunci ce, don ta wanke ni da gyaɗata. Na soke. Wadda ta tsaya a ƙarshe, ga ma'anarta da Hausa: yaran makarantarmu suna daina zuwa da damina ba don iyayensu sun ƙi boko ba, sai don mu malamai, daga shugaba har ni mai wannan rubutu, muna mayar da lokacin darasi lokacin noman gonakinmu, iyaye kuwa suka ga gara yaro ya noma ta gidansu. Da na ajiye biro na san ko gaban alƙali aka kai ni da ita ina da shaidu.

Saura kaiwa. A al'ada ba ni zan tunkare shi ba. Sai in sami liman ko wani amininsa, in yi masa bayani, shi ya je ya shimfiɗa maganar a hankali, a kwana biyu, sannan a ce in zo. Na fara gwada matata. Tana tankaɗe na karanta mata jimlar na fassara. Ta ajiye rariya.

"Malam, Baba ka rubuta haka a kansa?"

"Da ni a ciki."

"Na ji da kai a ciki. Ƙarya ce?"

Na ce ba ƙarya ba ce. Idonta ya kawo ruwa, ta ce ita ma tana aji shida rabin daminarta a gonar nan ta yi shi. Sai na ce ko za ta kai masa, tunda ita 'yarsa ce, ba zai ƙi ta ba. Ta ɗauki rariyarta ta ce, "Wallahi ba zan kai ba. Kuma kada ka aika Liman, in ya ji daga bakin wani sai ya fi masa ciwo. Da hannunka ka rubuta, ka kai da ƙafarka."

Ranar Litinin bayan an tashi na same shi a ofis. Na tuɓe takalmi tun daga baranda, na durƙusa, muka gaisa kamar kullum, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi karatu, ya tambayi gyaɗa. Da gaisuwa ta ƙare, maimakon in yi shirun da aka saba, sai na ce, "Baba, na kawo rubutuna ka sa hannu. Amma akwai maganar da ta shafe ka a shafin farko, ina roƙon ka karanta kafin ka sa." Tunda nake ban taɓa jera masa magana mai tsawon haka ba.

Ya sa tabarau. Ina kallon tabarma, amma ina jin numfashinsa. Jimlar ba ta fi layi huɗu ba, ya ɗauki lokacin da za a karanta shafi goma. Ya juya ya karanta maganar magidancin nan, wadda yanzu na dawo da ita gaba. Na jira faɗa, na ma fi son faɗan. Sai na ji ya jawo aljihun tebur, ya hura wa hatimi iska, ya buga, ya sa hannu. Ya turo mini takardun bai dube ni ba. Na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Ya mayar da hatimin aljihun tebur ya rufe.

Washegari na gaishe shi, ya ce "Lafiya," ya wuce. Kalma ɗaya. Mutumin da gaisuwarmu take ɗaukar lokacin shan koko. Wannan ya yi mini ciwon da ban iya faɗa wa kowa ba, har na zauna a aji ina tambayar kaina ko takardar ta kai haka. Ruwa aka wuni ana yi ran Talatar nan, ba wanda ya fita gona. Laraba kuwa layina ne, na ce da yara su bar fartanya a gida. Sauran malamai suka bi ni da harara.

Ranar Alhamis aka buga ƙarfe, yara suka jeru da fartanyoyi kamar yadda suka saba. Lokacin maimai ne, wato noma na biyu, ciyawa ta taso wa dawa, kwana kaɗan aka ƙara sai ta shaƙe ta. Ya fito ya tsaya a baranda, hannu a baya. Ya dube su ya ce kowa ya jingine fartanyarsa ya shiga aji, daga yau aikin gona a allo za a yi shi. Ya juya ya koma ofis. Yara suka yi ta kallon juna.

Malama ta karɓi rubutun ranar Asabar. Ta karanta jimlar a tsaye, ta dubi hatimin, ta dube ni, ta ce, "Yanzu ka iso, Malam. Sannu da zuwa." Ta zauna ta karanta shafukan duka a gabana. Takardar ta fito daga baya, aikina ya tsaya. Ita kuma ta tafi ƙarshen zangon kamar yadda ta ce, ban sake ganinta ba.

Amma a ranar Asabar ɗin nan ba murna nake ba. Ina dawowa daga Gwarzo da la'asar sakaliya na biyo ta gefen gonarsa, na hango shi shi kaɗai a tsakiyar dawa, ya naɗe ƙafar wando, dattijon da ya haura sittin, yana sara yana tsayawa yana dafa ƙugu. Ɗan abin da ya nome bai kai shimfiɗar tabarma huɗu ba, gona kuwa har bakin rafi. Wannan dawar ita ce abincin gidansa na shekara, ni kuma na san wanda ya janye masa hannuwa. Na je gida na ajiye keke, na ɗauki fartanyata. Matata ta bi ni da kallo.

Na tsaya a bakin gona na yi sallama. Ya amsa bai juyo ba. Na tuɓe takalmi na shiga, na tsaya a bayansa ban san ta inda zan fara ba. Ya ci gaba da sara har ya kai ƙarshen layinsa, sannan ya miƙe a hankali, ya nuna da ƙotar fartanya can wajen rafi, inda ciyawa ta fi tsawo.

Ya ce, "Daga wancan dutsen zuwa ruwa, 'yan aji shida ne suke yi. Naka ne yanzu."

Na ce, "To, Baba." Na nufi dutsen.